Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar NRC ta Amurka: A Duba Mutumin da ke Bayan Jak

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Amurka, NRC,
Rockville, Jihar Maryland.

Ranka ya daɗe,

Ni injiniyan gine-gine ne, sana'ata gadoji. Abin da ya haɗa ni da hukumarka shi ne ƙarfen da ake ja a ɗaure a cikin kankare. Dabarar da ke riƙe da gadojin sama a biranenmu ita ce ke riƙe da da dama daga cikin manyan gine-ginen da kuka killace tukwanen nukiliya a cikinsu, kuma duk wanda ya yi wannan aiki, ko ina yake a duniya, ya sha karatu a takardun hukumarka. Ƙasashe irin su Najeriya da Gana, masu burin gina tashar lantarki ta nukiliya, idan suka tashi rubuta ƙa'idojinsu, da wuya su rasa leƙa naku. Abin da kuka manta, su ma za su manta shi. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka.

Ƙorafina guda ne. Dokokinku sun san komai game da jijiyar ƙarfe da ake dubawa, amma kusan ba su san komai ba game da na'urar da ake duba ta da ita, balle mutumin da ke tsugune a bayanta.

Ka yi mini afuwa in yi bayanin abin da ka fi ni sani, saboda masu karatu. Ginin da ke kewaye da tukunyar nukiliya shi ne katanga ta ƙarshe tsakanin haɗari da jama'ar gari. Kankare yana jure danna, amma ba ya jure ja. Don haka ake ɗaure ginin da ɗaruruwan jijiyoyin ƙarfe: wasu a tsaye daga sama har ƙasa, wasu sun zagaye bango, wasu sun ratsa ƙubbar rufi. Kowace jijiya damin wayoyi ce a cikin bututu cike da giris don kare tsatsa. A tashar Crystal River ta jihar Florida, kowace jijiya wayoyi 163 ce, kaurin kowace waya milimita 7. Ƙarfin da ake ɗaure irin wannan jijiya da shi ya haura tan 700. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ke nan. A lissafa tireloli sama da ashirin suna rataye a kan dunƙulen ƙarfe guda wanda mutum zai iya rungume shi. Kuma wannan ƙarfi ba kwance yake ba. Doguwar jijiya ta miƙe da kusan ƙafa guda lokacin da aka ja ta, shekara arba'in tana neman hanyar komawa.

Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta ASME, sashen da ake kira IWL, wanda hukumarka ta mayar da shi doka, ta ce a duba waɗannan jijiyoyi bayan shekara 1, da 3, da 5, daga nan kuma duk bayan shekara biyar. Ta faɗi kason da za a zaɓa. Ta ce a ɗaura jak, na'urar ja mai aiki da matsin mai, a kan jijiyar, a ja ta har kan ɗaurinta ya ɗaga daga mazauninsa, a karanta ƙarfin da ya rage, a kwatanta da abin da aka yi hasashe. Ta ce a sassauta wasu gaba ɗaya, a zaro waya guda a kai ta ɗakin gwaji a ja ta har ta tsinke. Ta ce a ɗebi giris a auna ruwan da ke cikinsa da gishirin da ke cin ƙarfe. Har jak ɗin ma ta ambata: a daidaita ma'auninsa kafin aiki da bayan aiki, kada kuskurensa ya wuce ɗan kaso ƙanƙani. Wannan duk daidai ne, kuma na yaba. Sai dai ka lura da yadda ƙa'idar ke kallon jak. A wurinta ma'auni ne, abin da ta damu da shi kada ya yi ƙarya. Ba ta kallonsa a matsayin ƙarfe mai nauyin tan-tan da ke rataye a sama da kawunan mutane, da tiyo cike da mai a matsi mai tsanani, da maƙalar da ke haɗa shi da jijiyar, wadda idan zarenta ya zame za ta tashi kamar harsashi.

Bari mu je inda aikin yake. Ƙasan jijiyoyin tsaye yana cikin wani lungu da ya zagaye ginin a ƙarƙashin ƙasa. Wuri ne matsattse, mai danshi, sau da yawa da ruwa a ƙasa da giris da ya ɗiga, mafitarsa kuma tsani. Samansu yana can bakin rufi, nesa da ƙasa. Jijiyoyin zagaye kuwa ana kai musu ne a kan dandamalin da aka rataya a jikin bango, iska na kaɗa shi, wani lokaci tashar tana aiki, kuma akwai wuraren da ke kusa da bututun fitar da tururi, wanda ba ya sallama kafin ya buɗe. Giris ɗin da za a mayar sai an dafa shi ya narke kafin famfo ya tura shi. Kowane mai wannan sana'a an koya masa tun ranar farko kada ya tsaya a saitin jak idan yana ɗauke da ƙarfi. To amma a gwajin ɗagawa dole wani ya matso ya tabbatar faranten ƙarfen da ke ƙarƙashin kan ɗaurin sun saki, ya zare su, daga baya ya mayar da su. A wannan ɗan lokaci yatsunsa suna tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma abin da ke riƙe da tan 700 ɗin shi ne man da ke cikin silinda da zaren maƙala.

Wani zai ce ai jijiyar ba ta tsinkewa haka kawai. Takardun hukumarka sun ce tana yi.

A watan Janairun 1985, a tukunya ta biyu ta tashar Farley da ke Alabama, an ga murfin giris na wata jijiyar tsaye ya lotse. Da aka buɗe sai aka tarar kan ɗaurin ya farfashe, wayoyi sun saki. Bincike ya gano wasu kawunan da suka karye da wasu da dama masu tsaga. Dalili kuwa ruwa ne ya taru a ƙasa, ya haɗu da tutiyar da aka shafe murfin da ita, haidirojin ya shiga ƙarfe mai tauri ya mayar da shi mai gautsi. Hukumarka ta fitar da sanarwa a kan haka a shekarar. A 1997, a tashar Calvert Cliffs, nan jihar da ofishinka yake, ana cikin duban shekara ashirin, ana jan wata jijiyar tsaye sai aka ji ƙara mai ƙarfi. Wayoyi ne suka tsinke 'yan inci ƙasa da kan ɗaurin, inda giris bai kai ba ruwa ya samu shiga. Da aka faɗaɗa bincike sai aka ga tsatsa da karyayyun wayoyi a jijiyoyi masu yawa. Sanarwarku ta 1999 ta tattara wannan da makamantansa. A 2009 kuma, a tashar Bellefonte wadda ba a ma gama gininta ba, maƙalar wata jijiyar tsaye ta ɓalle da kanta ba wanda ya taɓa ta.

Duk wanda ya karanta waɗannan rahotanni zai san nau'in ƙarfen, da taurinsa, da sakamakon gwajin giris. Tambayar da ni nake nema a cikinsu daban ce: a Calvert Cliffs, sa'ad da aka ji ƙarar nan, ina mutanen suke tsaye? Taku nawa ne tsakaninsu da jak? Akwai garkuwa? An tsayar da aiki, ko an huce an ci gaba? Rahotannin ba don amsa wannan aka rubuta su ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Na san amsar da lauyoyin hukumarka za su ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Tun 1988 akwai yarjejeniya tsakaninku da OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, an kuma sabunta ta a 2013. An raba gado: tururin nukiliya da amincin tukunya naku ne, faɗowa daga sama da murƙushewar yatsu da fashewar tiyo na OSHA ne. Idan sufetanku ya ga abin da bai dace ba, ya gaya wa shugabannin tashar, in abin ya yi tsanani a sanar da OSHA. A takarda rabon ya yi kyau. A ƙasa kuwa, ku ne kuke da sufetoci mazauna, aƙalla biyu a kowace tasha, kullum suna ciki. OSHA ba ta da kowa a can. Yawanci sai an yi rashi ko an kai ƙara take zuwa. Mai idon ba shi da hurumi, mai hurumin ba ya nan.

Ga kuma abin da ake kai rahoto. OSHA tana so a sanar da ita mutuwa cikin awa 8, kwantar da mutum a asibiti ko yankewar gaɓa ko rasa ido cikin awa 24. Ku kuna so a sanar da ku idan an yi rashi a tasha, ko an kai wanda tururin nukiliya ya gurɓata asibiti. To tiyon da ya fashe bai sami kowa ba fa? Maƙalar da ta zame ta daki bango? Igiyar dandamalin da ta saki gefe guda mutane suka tsira da ɗamarar kariya? Waɗannan suna shiga kundin gyare-gyaren tashar, wataƙila su kai ga INPO, cibiyar da kamfanonin suka kafa wa kansu a 1979 bayan haɗarin Three Mile Island, wadda ba ta buɗe rahotanninta ga jama'a. Ɗan kwangilar da zai yi irin aikin a wata jiha wata mai zuwa yana iya ji, yana iya rashin ji. Injiniya a wata ƙasa kuwa ba zai taɓa ji ba. A sana'armu, haɗarin da ya kuskure mutum shi ne darasi mafi araha, kuma shi ne kuka bari yana zubewa.

Na taɓa tsayawa a wani aikin gada inda tiyon jak ya fashe a wurin haɗi. Man ya fita siriri, ya yanka katakon da ke gefe. Ba wanda ya ji rauni, saboda haka ba wanda ya rubuta komai. Aka canja tiyo aka ci gaba. Irin wannan man idan ya sami tafin hannu, ramin da zai bari kamar na allura ne, mutum ya ɗauka ba komai, alhali ya shige cikin nama, kuma in ba a yi tiyata da wuri ba hannun na iya tafiya. Jak ɗin wannan gadar kuwa yaro ne a kan wanda ake kai wa jijiyar tukunyar nukiliya.

Yallaɓai, hujjar cewa haɗarin ma'aikata daban, haɗarin nukiliya daban, ta rushe a ranar 31 ga Maris 2013 a tashar Arkansas Nuclear One. Ana ɗaga wani ɓangaren janareta mai nauyin sama da tan 500 da wata na'urar ɗaga kaya ta wucin gadi da 'yan kwangila suka harhaɗa. Na'urar ta rushe. Mutum ɗaya ya rasu, takwas suka ji rauni. Ba a tsaya nan ba: tukunya ta ɗaya ta rasa wutar da ke zuwa mata daga waje, ta biyu ta kashe kanta, bututun ruwan kashe gobara ya fashe ruwa ya malala ya kai ga kayan lantarki. Binciken hukumarka ya nuna lissafin ƙirar na'urar yana da kuskure, ba a gwada ta da nauyi kafin aiki ba, kuma kamfanin Entergy mai tashar bai sa ido yadda ya kamata a kan aikin 'yan kwangilarsa ba. Kun ba da hukunci mai launin rawaya, na biyu a tsanani a ma'auninku, daga baya kuka sa tashar a sahun da ake tsananta wa sa ido. OSHA ta tuhumi kamfanoni huɗu, tarar da ta yanka gaba ɗaya ba ta kai dala 200,000 ba. Ba aikin jijiya ake yi ran nan ba, na sani. Amma cutar iri ɗaya ce: kayan aiki na wucin gadi, mallakar ɗan kwangila, wanda ya shigo ta ƙofar tasha da takardar da ba wanda ya bi diddiginta. Ƙusar da za ta zauna a jikin tukunya sai an san tarihinta tun daga masana'anta. Na'urar da za ta ɗauki tan ɗari-ɗari na mako biyu ta koma, sai a karɓi maganar mai ita.

Crystal River kuwa ta koyar da wani abu da ya fi wannan tayar da hankali ga mai aiki a jikin bango. A ƙarshen 2009 kamfanin Progress Energy ya tashi canja tukwanen tururi na tashar, aikin da ke buƙatar a huda bangon ginin mai kaurin inci 42. Kafin a huda sai an sassauta jijiyoyin wurin. An yi irin wannan aiki sau da dama a wasu tashoshi, kamfanoni biyu da suka ƙware a kai ne suka saba jagorantarsa. Progress ya zaɓi ya jagoranci abinsa don rage kuɗi, kuma jaridar Tampa Bay Times ta bayyana daga baya cewa jijiyoyin da aka sassauta sun yi ƙasa sosai da adadin da injiniyoyin da aka ɗauko suka fara ba da shawara. A farkon Oktoba, ana fasa kankare da ruwa mai matsi, sai aka ga bangon ya rabe gida biyu daga ciki, ɓawon waje ya saki na ciki. Binciken musabbabi ya ɗora laifin a kan yawan jijiyoyin da aka sassauta da tsarin da aka bi wajen sassauta su, a bangon da ba shi da rodin da ke ɗinke waje da ciki. Aka gyara. A watan Maris 2011, ana dab da gama mayar da ƙarfin jijiyoyin, wani sashe ya sake rabewa, a watan Yuli wani ya bi. Ƙiyasin gyara ya kai tsakanin dala biliyan 1.5 zuwa sama da biliyan 3. A Fabrairun 2013 kamfanin Duke Energy, wanda ya haɗe da Progress, ya ce ya rufe tashar ke nan. Araha ba ta ado.

An yi ta rubutu a kan kuɗin da mutanen Florida suka biya. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, tsawon wannan lokaci akwai mutane rataye a jikin wannan bango, suna ja suna saki, bisa tsarin da aka miƙa musu da sa hannun injiniyoyi. Ma'aikaci yana iya duba tiyonsa, ya duba ɗamararsa. Ba shi da hanyar da zai san cewa jerin da aka ba shi zai tsaga kankaren da dandamalinsa ke jingine da shi. Wannan kariya daga sama kawai za ta zo. Kuma ba a ce ba a taɓa gani ba: ƙubbar rufin Turkey Point ta rabe lokacin gini a 1970, ta Crystal River ɗin kanta ta rabe a 1976.

Abin da nake roƙo bai kai girman matsalar ba, kuma yawancinsa ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa. Hukumarka ta saba fitar da sanarwar faɗakarwa. A tattara abin da tashoshi ke da shi a kundinsu game da gazawar kayan duban jijiya, jak da famfo da tiyo da maƙala da dandamali, har da waɗanda ba su raunata kowa ba, a cire sunayen mutane, a buga kowa ya gani, kamar yadda kuka yi wa jijiyoyin kansu a 1985 da 1999. Idan aka yi haka sau ɗaya za a ga ko abin yana da yawa ko kaɗan ne; yanzu hasashe kowa ke yi.

Sannan sufetanku da ke zuwa kallon gwajin ɗagawa, wanda dama yana neman takardar daidaita ma'auni, a ƙara masa tambaya a jerin tambayoyinsa: yaushe aka gwada wannan maƙala da nauyin da ya wuce wanda za ta ɗauka yau, wa ya auna zarenta da zaren kan ɗaurin da ya shekara arba'in a cikin giris, shekarar tiyon nawa. Ba sai ya zama jami'in OSHA ba kafin ya yi wannan. Maƙalar da ta zame a tsakiyar ja tana iya lalata jijiyar da kankaren da ke bayanta, wannan kuwa huruminku ne tsantsa.

Akwai kuma maganar nisa. A zamanin da ake tura na'ura ta leƙa cikin tukunya da kyamara, babu dalilin da zai sa tabbatar da ɗagawar kan ɗauri ya dogara da mutum ya kai fuskarsa kusa. Ana iya sarrafa famfo daga nesa, ana iya gane lokacin ɗagawa daga ma'aunin motsi, ana iya sa makullin ƙarfe da zai riƙe nauyin kafin hannu ya shiga. Wasu 'yan kwangila suna yin wasu daga ciki don kansu. Abin da ya rage shi ne ya zama abin da ake tambaya a ko'ina, don kada mai yin daidai ya sha kaye a wurin neman kwangila a hannun mai arha.

Ƙa'idar IWL ta yarda a tsallake jijiyar da isa gare ta ke da haɗari, a ɗauki wata a madadinta. Tausayi ne, kuma na goyi baya. Amma yana da kyau hukumarka ta san jijiyoyi nawa ne a faɗin ƙasar aka yi ta tsallakewa zagaye bayan zagaye, domin ranar da dole ta sa a taɓa su, su ne waɗanda ba wanda ya san halin da suke ciki, a wuraren da suka fi wuyar tsayawa.

Dalilin gaggawa shi ne shekaru. An ƙera waɗannan gine-gine da lissafin shekara 40. Kun sabunta lasisin yawancinsu zuwa 60, kuma a Disambar 2019 Turkey Point ta zama ta farko da kuka ba izinin kaiwa 80. An soma aikin farfaɗo da Palisades a Michigan da tukunya ta ɗaya ta Three Mile Island bayan an rufe su, dukansu kuwa ginin jijiya ne. Faransa ta cika bututun jijiyoyinta da siminti, ba ta iya jansu ta gwada, sai dai ta sa ido ta wasu hanyoyi. Ku kun zaɓi giris don a riƙa dubawa, zaɓi mai kyau, amma ma'anarsa duk shekara biyar sai an tura mutane su ja ƙarfen da ya ƙara tsufa. Ga dokar ADVANCE ta 2024 da umarnin shugaban ƙasa na Mayun 2025, duka suna matsa wa hukumarka ta yi sauri ta rage nauyin ƙa'idoji. Ba na jayayya da sauri a inda takarda ce kawai ke jan ƙafa. Tsorona, idan aka zo yankan awannin sufetoci, abin da za a fara yankewa shi ne wanda dama ba a rubuce yake a matsayin aikin kowa ba.

Idan akwai abu ɗaya da za ka iya yi a wannan shekara ba tare da jiran kowa ba, ka nemi ofisoshin yankunanku huɗu su kawo maka jerin duk gazawar kayan duban jijiya da aka rubuta a kundin tashoshi cikin shekara ashirin da suka wuce, ka zauna da shugaban OSHA a kan jerin, sannan ku buga shi.

 

Naka,
Wani injiniyan gadoji,
Kaduna, Najeriya.